Filasta a Kunnen Akwati

Tun da Auta ta farka hankalinta ba ya jikinta. Ruwan zafi ya zube mata a ƙafa ba ta ji ba, sai da Inna ta ce, "Ke, ƙafar taki ce ko ta aro?"

Yau ne za a shiga kotu da Dogo.

Dogo mai gyaran waya ne, shagonsa na kallon ƙofar asibitin da Auta ke aikin jinya. Sun daɗe suna son juna, Baba kuma ya daɗe yana cewa a'a. Baba tsohon magini ne, mutum mai magana ɗaya. A ganinsa wanda ke wuni yana leƙa cikin wayoyin mutane ba sana'a yake yi ba, gulma yake yi da sukundireba. Wata rana Auta na auna masa jini, robar na ɗaure a damtsensa, ya ce ta yi masa alkawari ba za ta ƙara taka shagon nan ba. Ta kalli yadda jininsa ya hau, ta yi alkawarin.

Ba ta cika ba.

Sai ga wannan masifa. Dogo yana da akwatin intanet a shago, irin mai kunnuwa biyu, yana biyan kamfani wata wata. Da kasuwa ta ja baya ya kira su ya ce su yanke layin su zo su ɗauki kayansu. Aka turo ma'aikaci ya ɗauka, ya ce shaidar karɓa za ta shigo masa a waya. Ba ta shigo ba. Bayan watanni kamfani ya turo bil mai nauyi, daga baya sammaci ya biyo. Suka ce akwati bai dawo hannunsu ba, layi kuma yana aiki ba dare ba rana da sunansa. In kotu ta kama shi, kayan aikinsa za a kwashe a sayar.

Ranar da aka ɗauki akwatin, mutum ɗaya ne a shagon bayan su biyun. Auta ce.

A nan ma'aikacin ya fara ganinta. Bai yi sati ba ya gano gidansu, ya fara zuwa gaida Baba da mota mai ƙamshi. Unguwa ta sa masa Ɗan Kamfani. Ya lura Baba na kewar babban ɗansa da ke aiki a wata ƙasa, sai ya haɗa wa gidan intanet kyauta. Tun daga nan Baba ke ganin jikokinsa a waya kowace yamma, yana washe baki yana cewa su nuna masa haƙoransu. Duk wanda ya zo gidan sai ya ji labarin yaron kirki.

"Ranar da alƙali ya ce wa dogon nan maƙaryaci," in ji Baba, "ranar na rufe maganarsa, na buɗe ta yaron nan. Kuma da idona zan je in gani."

Ni mai ba ku labarin nan na ga abin tsoro a duniya. Kwalekwale ya taɓa kifewa da ni a tsakiyar kogi na fito da takalmina a hannu, kasuwa ta ci wuta ina ciki na fito ko gashin girata bai ƙone ba. Amma ina gaya muku, tsoron da ke cin mutum a gidan ubansa, yana murmushi yana miƙa shayi, ya fi ruwa da wuta.

Hon ɗin mota ya tashi a ƙofa. Baba ya shiga neman sandarsa, Auta ta fita buɗe ƙyaure. Ɗan Kamfani na jingine da mota, ya sha farar riga, yana juya makulli a yatsa.

"Likita, ba gaisuwa?"

"Ina kwana."

"Lafiya lau. Na ce ko za ki biyo mu ki ga yadda ake shari'a?" Ya rage murya. "Ko da yake gara ki tafi aikinki. Kin san ni mutum ne mai riƙe sirri. Har yau Baba bai taɓa jin inda na fara ganinki ba. Ga shi da hawan jini, Allah ya kiyaye."

Baba ya fito yana gyara hula, Ɗan Kamfani ya durƙusa har ƙasa ya buɗe masa gaba. Motar ta tafi.

* * *

"Tsohon nan zai kashe ni," in ji Inna, tana tsaye a tsakar gida hannu a ƙugu. "Ya fita bai sha magani ba."

"Ai na ba shi, Inna. A gabana ya sa a baki."

"A gabanki ya sa, a bayanki ya fitar. Je ki ɗakinsa ki duba saman kabad, can yake tara su. Kada ki ce ni na faɗa."

Auta ba ta cika shiga ɗakin Baba ba, don ba ya son a taɓa masa kaya. Ta ja kujera ta hau. Ƙura, tsohuwar cebur ɗin gini, gwangwanin madara cike da ƙwayoyin da take ba shi. Kusa da gwangwanin wani abu ne an lulluɓe shi da tawul, ƙaramin haske yana ƙiftawa ta ƙasa. Ta san akwatin intanet ɗin gidan ne. Ɗan Kamfani ne ya ce a ɗora shi sama zai fi kamawa, Baba kuma ya rufa masa tawul don kada ya sha ƙura. Ba ta taɓa ganinsa da ido ba.

Ta ɗage tawul don ta jawo gwangwanin. Hannunta ya tsaya.

A gindin kunnen hagu akwai farar filasta, an naɗa ta zagaye biyu. Bakinta na ƙarshe an ninke shi ɗan ƙanƙani, ya yi kamar harshe.

Ita ta naɗa ta. Wata ranar ruwan sama ta fake a shagon Dogo, gwiwar hannunta ta ture akwatin ya faɗo kunne ya tsage. Dogo ya ɗauko gam, ta ce ya ba ta wuri, maras lafiya nata ne. Ta ciro filasta daga aljihu ta ɗaure, ta ninke bakin kamar yadda take yi wa kowane majinyaci, don mai cirewa ya samu wurin kamawa ko da safar hannu. Dogo ya yi ta dariya, ya ce yaushe za a sallame shi daga gado.

Fari a kan fari. Wanda bai naɗa ba ba zai taɓa lura ba.

Wato duk watannin nan layin Dogo suke sha. Jikokin Baba, waƙoƙin Inna a kicin, har saƙonnin da ita kanta take tura wa Dogo tana ba shi haƙuri, duk a kansa ake rubutawa.

Ta zare wayar wuta, ta sauko da akwatin a ƙirji. Inna na ganinta ta dafe bango.

"Ina za ki da abin Babanki?"

"Ba na Baba ba ne, Inna. Na Dogo ne. Shi ne wanda ake shari'a a kansa."

"Ya aka yi kika sani?"

Auta ta durƙusa, kuka ya ƙwace mata. Ta faɗi komai, ranar ruwa, filasta, ranar da aka zo ɗauka tana zaune a kan benci.

Inna ta kama kafaɗarta.

"Kin san abin da kike shirin yi? Kayan sata za ki ɗauko daga ɗakin ubanki ki kai gaban alƙali. In suka ce shi ya saya fa? Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana gina gidajen mutane ko ƙusa bai taɓa ɗauka ba, yau a kira sunansa a kotu? Kuma a gaban jama'a ya ji kin yi masa ƙarya? Ke ce mai auna jininsa, ke kin san in ya faɗi ba lallai ya tashi ba."

"Na sani, Inna."

"To mayar da shi. Ki rufa tawul. Ni ban gani ba, ke ba ki gani ba."

"In na mayar, za a kwashe masa shago. Baba ya ba da ni ga wanda ya cuce shi. Kullum da yamma in zauna ina kallon hasken nan yana ƙiftawa." Ta share hanci da bayan hannu. "Inna, ke za ki iya?"

Inna ta juya mata baya. Ta shiga ɗaki, ta fito da gwangwanin magani da gorar ruwa, ta cusa su a jakar Auta a kan akwatin.

"In kin ga ya fara lumshe ido, ki bar alƙali ki nufi ubanki."

* * *

Barandar kotu cike take da mutane, kowa da tasa damuwa. Dogo na zaune a ƙarshen benci, ya sa rigar da ya fi ji da ita, wuyan ya yi masa yawa saboda rama. Ba shi da lauya. Yana ganinta ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi.

"Me kike yi a nan? Baba na ciki."

"Na gan shi ta taga."

"To koma. Don Allah koma, Auta."

"Ka kira ni shaida."

"Ba zan kira ba. Mun gama wannan maganar."

"Za su kwashe maka komai."

"Su kwashe. Da sukundireba ɗaya na fara, a kan tebur a bakin titi. Zan koma bakin titin. Amma in Baba ya faɗi ta dalilina, da wane ido za ki ƙara kallona? Kullum kika ga fuskata shi za ki tuna."

"Ai ko ka yi shiru ka rasa ni. Baba ya rantse."

Dogo ya sunkuyar da kai, idonsa ya kawo ruwa. "Gara in rasa ki kina da uba."

Ta buɗe baki za ta gaya masa abin da ke jaka, sai magatakarda ya leƙo ya kira ƙarar. Dogo ya shige bai waiwayo ba.

Auta ta zauna a benci na ƙarshe, ta rungume jaka. Fanka na juyawa a sama ba ta kawo iska. Tana hango ƙeyar Baba a layi na biyu, sandarsa a tsakanin gwiwoyi.

Lauyar kamfani mace ce mai tabarau, ba ta da hayaniya, kuma rashin hayaniyar ya fi ban tsoro. Ta kira Ɗan Kamfani, aka rantsar da shi. Ya ce lallai an tura shi shagon, amma wanda ake ƙara ya ce ya fasa, zai ci gaba da amfani da layin, shi kuma ya dawo hannu wofi. Ya faɗa a natse, har da ɗan tausayi a fuska.

Alƙali ya juya ga Dogo. "Ka ji abin da ya ce. Kana da takardar karɓa?"

"Babu, ranka ya daɗe. Cewa ya yi za ta shigo a waya."

"Kai da ke gyaran waya, ba ka bi sawu ba?"

Wasu suka yi dariya. Baba ya girgiza kai.

"Akwai wanda ya ga lokacin da ka miƙa masa akwatin?"

Dogo ya saci kallon inda Baba yake.

"Babu kowa, ranka ya daɗe."

Alƙali ya jawo alƙalami.

"Akwai."

Ba ta san ta miƙe ba sai da ta ga kawuna sun juyo. Na Baba ne ya juyo a ƙarshe, a hankali, kamar wuyan ya yi tsatsa.

* * *

Alƙali ya tambayi Dogo ko yana son a saurare ta. Dogo ya gyaɗa kai hawaye na zuba. Aka rantsar da ita. Ta ƙi kallon layi na biyu.

Ta faɗi aikinta, ta faɗi cewa tana shagon ranar, tana zaune a benci, ta ga an naɗe waya an sa akwati a leda, mutumin nan ya fita da shi.

Lauya ta taso. "Mene ne tsakaninki da wanda ake ƙara?"

"Ina son sa."

Kotu ta ɗauki guna-guni. Wani abu ya faɗi ƙasa, sandar Baba ce.

"To kin ga, ya mai shari'a. Mai so ai komai za ta iya gani." Ta juyo. "Bayan bakinki, kina da wani abu?"

Auta ta zuge jaka. Gwangwanin magani ya fara faɗowa, wasu ƙwayoyi suka watse a ƙasa. Ta ciro akwatin ta ɗora a kan tebur. Ɗan Kamfani ya yi wata 'yar dariya.

"Irin wannan dubu ne a gari, ranka ya daɗe."

"Ba a tambaye ka ba," in ji alƙali.

Auta ta nuna kunnen hagu. Ta ba da labarin faɗuwarsa da yadda ta ɗaure. Lauya ta ce filasta a kowane kemis ana sayarwa.

"Haka ne. Amma ki duba bakinta, a ninke yake. Mu masu jinya muke yin haka, don da safar hannu ba a iya ɓantaro ta. Ko a jakata kika duba, kowane naɗi nawa haka yake."

Lauya ta ɗauki akwatin, ta taɓa ɗan harshen da farce. Sannan ta kifa shi, ta gyara tabarau, ta karanta lambar da ke ƙasa, ta duba fayil ɗinta. Ta daɗe tana dubawa. Da ta ɗago, ba Auta ta kalla ba, shaidanta ta kalla.

"Shi ne akwatinmu, ya mai shari'a. Saura tambaya ɗaya. In saurayinta ne ya ɓoye shi ya ba ta ta kawo, maganarmu na nan. Malama, a ina kika samo shi?"

Wannan ce tambayar da take tsoro tun tana kan kujera. In ta faɗa, ta jefa Baba. In ta yi shiru, ta kashe Dogo da hannunta.

"Ki amsa," in ji alƙali.

Ta kalli Baba. Fuskarsa ta yi toka, jijiyar goshinsa ta tashi, ya damƙe bakin benci da hannu biyu. Idonsa ya fara lumshewa. Ta ɗaga ƙafa za ta sauko, ta bar shari'ar, ta bar komai.

Sai ya buɗe ido. Ya dafa benci ya miƙe ba sanda.

"A saman kabad ɗina ta samo shi."

"Dattijo, kai wane ne?"

"Ubanta ne. Ni na rufa masa tawul da hannuna." Ya ɗaga yatsa ya nuna Ɗan Kamfani. "Wancan ya kawo min, ya ce kyauta ce daga wurin aikinsu. Ni ban iya karanta lamba ba, ranka ya daɗe, amma na san ɗaurin 'yata. Duk ciwon da na ji a wurin gini ita ke ɗaure min, haka take ninke shi. In akwai laifi a kaina ku rubuta, ban taɓa gudu ba."

Ɗan Kamfani ya riga ya fara ja da baya, amma ɗan sandan kotu na tsaye a bakin ƙofa, ya harɗe hannu.

Lauya ta nemi janye ƙara. Alƙali ya kori ƙarar, ya ce a riƙe akwati, a riƙe shaidan da ya rantse a kan ƙarya, dattijo kuma za a neme shi ya maimaita abin da ya faɗa.

* * *

A matakalar waje Baba ya zauna yana haki. Auta ta durƙusa ta kamo hannunsa za ta ji bugun jini, ya fizge.

"Hannunki na kan damtsena kika yi min alkawari."

"Na yi, Baba."

"Kika karya."

"Na karya." Ta buɗe jaka. "Ka yi min duk abin da ka ga dama, amma ka fara shan wannan."

Ta miƙa masa gwangwanin madara. Ya kalle shi, ya gane shi, ya kau da kai.

"Uwarki ba ta iya riƙe magana ba."

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya kora da ruwa. Ta tsaya a kansa har ya buɗe baki ya nuna mata harshe, yana harararta.

Dogo na can nesa jikin bishiya, ya kasa tafiya ya kasa matsowa. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Kai. Zo nan."

Dogo ya zo ya zube a ƙasa.

"Alƙali ya tambaye ka ko akwai wanda ya gani, ka ce babu. Ƙarya ka yi a kotu."

"Na yi, Baba."

"Duk ku biyun maƙaryata ne." Ya laluba aljihu ya ciro wayarsa ya miƙa masa. "Jikokina za su kira da yamma, akwati kuma yana hannun alƙali. Ka san yadda za ka yi."

Dogo ya karɓa da hannu biyu. "In zo gida ke nan, Baba?"

"Ni na ce ka zo gida? Cewa na yi jikokina za su kira."

A lokacin Auta ta ga jini a tafin hannun Baba, inda ƙusar benci ta shige shi bai sani ba. Wannan karon da ta kamo hannun bai fizge ba. Ta wanke da sauran ruwan gora, ta ciro filasta.

Baba na kallonta tana naɗawa.

"Maganata da ke ba ta ƙare ba, sai mun je gida," ya ce. "Ninke bakin."